Zauren Tambaya: Müller nawa ne a Jamus, kuma wa ya haifi wa?

Wasiƙu uku ne a gabana wannan watan, kuma dukansu suna ɗaya suke bi, sai ka ce masu su sun haɗa baki. Ba na jin ma sun san juna. Ɗaya ɗan kabu-kabu ne, ɗaya dattijo mai sayar da hatsi, ɗaya kuma ɗaliba. Mai tambaya a kan rabon gadon gona ya yi mini haƙuri, tasa ba tawa ba ce ni kaɗai, sai na zauna da malamai tukuna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Mushe. Ni ɗan kabu-kabu ne, fadarmu tana unguwar Bagalam. Gardama ta sarƙe tsakanina da abokina. Ni na ce Thomas Müller ɗan Gerd Müller ne, tunda sunansu ɗaya, jiharsu ɗaya, duka Bayern suka yi wa wasa, har rigar ƙasa lamba 13 kowannensu ya sa. Shi ya ce ban san komai ba. Wanda ya faɗi shi zai sayi sukari da ganyen shayi na sati guda. Don Allah ka raba mu.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara tara kuɗin sukari.

Thomas ba ɗan Gerd ba ne, ba jikansa ba, ba ɗan ƙanensa ba. Babu jini tsakaninsu ko ɗigo. Gerd ɗiya mace guda Allah ya ba shi. An haife shi ran 3 ga Nuwamba 1945 a Nördlingen, wani tsohon gari mai ganuwa a jihar Bavariya. Thomas kuwa ran 13 ga Satumba 1989 aka haife shi, ya tashi a ƙauyen Pähl, kudu maso yamma da birnin Munik. Jiha ɗaya ce, gaskiyarka, amma ai Dakoro da Madarunfa ma jiha ɗaya ce.

Duk da haka ban ga laifinka ba, lissafi irin namu ka yi. A nan in ka ji an ce Sani Abdu, ka san Abdu ne ya haifi Sani. In Sani ya haifi ɗa sai a ce wane Sani, Abdu ya koma kaka, sunansa ya fita daga takarda. Jamusawa kuwa sunansu na biyu na gida ne, ba ya motsi. Kaka da jika da tattaɓa-kunne duk shi suke ɗauke da shi. Da can su ma suna ɗaya-ɗaya gare su. Daga wajen ƙarni na 12 birane suka soma cika, Hans ya yi yawa, Heinrich ya yi yawa, mai karɓar haraji ya rasa wane Hans ne ya biya, wane ne ya noƙe. Sai aka shiga liƙa wa kowa abin da zai raba shi da takwaransa, ko garinsu, ko siffarsa, ko sana'arsa. Yau da gobe laƙabin ya daskare ya zama na zuriya, ko da jikan bai taɓa riƙe kayan aikin ba. Schmidt maƙeri ne. Schneider tela, Weber masaƙi, Fischer masunci, Becker mai gashin burodi. Direban motar tseren nan da duniya ta sani, Michael Schumacher, da a Maradi aka haife shi Mika'ilu Baduku za a riƙa ce masa.

Müller kuwa mai niƙa ne. Kuma a duk faɗin Jamus babu sunan gidan da ya kai shi yawa.

Ga yadda aka yi ya yi yawa. Tuwon Bajamushe burodi ne, burodi kuwa sai da gari. Niƙansu ba na hannu ba ne. Gida guda ake ginawa a bakin rafi, ruwa ya juya wata ƙatuwar ƙafa ta katako, ita kuma ta juya dutse a kan dutse. Inda ƙasa take shimfiɗe ruwa ba ya gudu, kamar can arewa wajen teku, iska ke yin aikin. Irin wannan gini ya fi ƙarfin talaka. Na mai ƙasa ne, ko na gidan limaman coci, su ba wani haya ya riƙe. Kuma a wurare da yawa doka ce, manomi dole ya kai hatsinsa maniƙar ubangidansa, ba shi da ikon kaiwa wata ko da ta fi kusa ko ta fi rangwame. A ƙasar Prusiya sai 1810 aka soke wannan dokar. Ka ga ke nan kusan kowane ƙauye da mai niƙansa, kowa ya san shi, kowa ta ƙofarsa yake bi kafin ya ci abinci. Ƙauye dubu, mai niƙa dubu, babu wanda ya san wani, kowanne ya haifi nasa ƴaƴan ya bar musu sunan.

Ba kuɗi ake biyansa ba galibi, wani kaso yake ɗiba daga cikin hatsin. Kai ka san abin da ke biyo bayan wannan. Lokacin da nake yaro, in za a aike ni wurin mai inji, inna takan auna tiya biyu ta hatsi, ta shafe saman da tafin hannu, ta ja kunnena in tsaya a kan kwanon kada in tafi wasan langa. In na dawo, fuska da gashin ido duk sun yi fari, sai ta tsoma hannu cikin garin har wuyan hannu, ta ɗaga kwanon ta jijjiga shi, ta ce “An ci.” Ko an ci ko ba a ci ba, kullum an ci. To haka manoman Jamus suka riƙe masu niƙansu. Zargin ya yi nauyi har a wasu garuruwan ƙungiyoyin masu sana'a kan ƙi karɓar ɗan mai niƙa ya koyi aiki, wai gidansu ba gidan amana ba ne. Suna da wata magana da har yau suke faɗi, cewa wanda ya riga zuwa shi ake fara niƙa wa; ba karin magana ce kawai ba, tana rubuce cikin wani kundin dokokinsu na ƙarni na 13. Duk wanda ya taɓa ganin kwanuka a jere gaban mai inji, wata yarinya ta zo daga baya ta tura nata gaba da ƙafa, ya san abin da ya sa sai da aka yi wa abin doka.

Tambayar da ta hana ni barci bayan na karanta wasiƙarka ita ce, mu me ya sa ba mu da gidan Maniƙa? Muna da Maƙera, muna da Dukawa da Majema da Marina da Masaƙa da Wanzamai da Mahauta. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Aski. Ban taɓa jin an naɗa Sarkin Niƙa ba. Alhali babu gidan da ba a niƙa, babu asubar da ba ka jin lugude. Abin da na gano shi ne aikin na mata ne, a tsakar gida ake yin sa. Kakata tana da dutsen niƙa a bayan ɗakinta, tsakiyarsa ta lotsa kamar akushi don tsufa. Tana durƙushe a kansa tun ban san hannun dama ba, surfe, bakace, niƙa, tankaɗe, ta mayar da tsakin ta sake bi. Ta fi kowane Müller na Jamus daɗewa a kan dutse, amma da sunan ɗanta na fari ake kiranta har ta rasu. Namiji mai niƙa baƙo ne a wurinmu, tare da injin gazuwal ya zo, shi ya sa har yau da sunan ƙarfen muke kiransa, mai inji.

Bari in koma kan ƙwallonku. Gerd kansa saƙa ya koya a masaƙa kafin ƙwallo ta ɗauke shi. Ya zo Bayern a 1964, lokacin ƙungiyar ba ta ma shiga babban rukuni ba. Gajere ne, mai cinyoyi kamar turmi, kocinsa na farko a Bayern yana kiransa “ɗan gajeren Müller mai ƙiba”. Ba ya yanka, ba ya rawa da ƙwallo, ba ya harbi daga nesa. A cikin da'irar gola yake zaune kamar kyanwa a bakin rami. Ƙwallo 365 ya ci a wasa 427 na gasar Bundesliga, har yau babu wanda ya kamo shi. Wa ƙasarsa ya ci 68 a wasa 62, ka sake karanta wannan, ƙwallayen sun fi wasannin yawa. A gasar duniya ta Meziko a 1970 ya ci 10, a shekarar aka ba shi Ballon d'Or.

Wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1974 da kunne na kalle shi. Ina ɗan lakwal, shekarar da Kunce ya karɓi mulki, ran 7 ga Yuli, damina ta sauka bayan shekarun fari. Wani tela maƙwabcinmu yana da rediyo mai rigar fata, ya rataye ta a jikin kekensa, mu yara muka kewaye. Holan suka fara ci tun kafin Bajamushe ko ɗaya ya taɓa ƙwallo, Jamus suka rama da fanareti, sannan ana dab da tafiya hutun rabin lokaci mai sharhi ya kwarma sunan Müller. Tela ya taka keken da ƙarfi har allura ta karye. Sai bayan shekaru da yawa na ga hoton cin: ƙwallon ta ɗan kuɓuce masa ta koma bayansa, ya ja da baya taki ɗaya, ya murɗa ƙugu, ya shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa can kusurwa. Babu ado ko kaɗan. Aka tashi 2 da 1. Ƙwallonsa ta 14 ke nan a gasar duniya, kuma ta tsaya shekara 32 kafin Ronaldo na Barazil ya wuce ta a 2006, a ragar Ghana. Guda 85 da ya ci cikin shekarar 1972 sai Messi ya shafe su a 2012 da 91.

Bayan ya bar wasa a Amurka rayuwa ta juya masa baya, giya ta kama shi. Tsofaffin abokan wasansa, Uli Hoeneß a kan gaba, suka tsaya masa har ya je aka yi masa magani, suka ba shi aikin horar da matasan Bayern. A nan ne ya haɗu da Thomas, yana cikin yaran da suka bi ta hannunsa a ƙungiya ta biyu. In da cewa ka yi ɗansa ne na horo, da ka sha shayi kyauta. A 2015 aka sanar ciwon mantuwa ya kama shi, ya rasu ran 15 ga Agusta 2021 yana da shekara 75, wata uku bayan Lewandowski ya ci 41 a kaka ɗaya ta Bundesliga ya wuce 40 ɗin da Gerd ya kafa.

Thomas ka fi ni saninsa, ba sai na ja ba. Siriri mai ƙafafun shamuwa, ko a duhu ba za ka haɗa shi da Gerd ba. Ya shiga Bayern yana ɗan shekara 10, ya bar ta a 2025 zuwa Vancouver ta Kanada da kofin Bundesliga 13 a hannu. Wasa 131 ya yi wa Jamus, ya ci 45. Da aka tambaye shi mene ne aikinsa a fili, sai ya ƙirƙiri kalma ya ce shi mai fassara sarari ne, kamar yadda ake cewa mai fassara mafarki. Labarinsa da na fi so shi ne na Maradona. A watan Maris 2010, bayan wasansa na farko wa ƙasarsa, aka zaunar da shi kusa da Maradona, kocin Ajantina a lokacin, gaban ƴan jarida, shi kuwa bai san yaron ba, ya ɗauka cikin masu ɗauko ƙwallo ne, ya ƙi zama sai da aka tashi Thomas. Wata huɗu bayan nan suka haɗu a gasar duniya ta Afirka ta Kudu, minti uku da farawa yaron ya sa wa Ajantina ta farko da ka, aka tashi 4 da nema.

Don abokinka kada ya yi ta tinƙaho, ka tambaye shi ko ya san a tawagar Jamus ta 1978 Müller biyu ne, Dieter da Hansi, su ma babu ɗan'uwan wani. Dieter, wanda ya ci shida shi kaɗai a wasa guda a 1977, ba ma da sunan aka haife shi ba. Agola ne, na mijin uwarsa ya ɗauka. Barazil ma sun yi nasu Müller, yana cikin tawagar da ta ci kofi a 1994, sunansa na yanka Luís Antônio, Müller ɗin laƙabi ne kawai, kamar yadda kowace unguwa a garin nan take da nata Messi.

TAMBAYA: Malam, ni mai sayar da hatsi ne a Tibiri, jikana ne ya rubuta mini wannan. Na ji da kunnena a rediyon Jamus an ce Gerd Müller ya rasu. Ba a rufa wata biyar ba na sake ji an ce Gerd Müller ya kama aiki a matsayin shugaban wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kunnena ne ya tsufa, ko masu labarai ne suka ruɗe?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kunnenka garau yake, masu labarai ma ba su yi kuskure ba. Mutum biyu ne. Wanda ya rasu shi ne ɗan ƙwallon da na gama ba da labarinsa. Ɗayan ɗan siyasa ne na jam'iyyar CSU, an haife shi a 1955, shi ma Bavariya. Daga 2013 zuwa 2021 shi ne ministan Jamus mai kula da taimakon raya ƙasashe, abin da ya sa sunansa ya yi ta faɗowa a sashen Hausa, kusan duk labarin da ya haɗa Jamus da Afirka sai an ambace shi. A 2017 ya fito da wani shiri da ya kira Shirin Marshall tare da Afirka, yana kwaikwayon sunan taimakon da Amurka ta ba Turai bayan yaƙin duniya na biyu. Sunan ya fi shirin nauyi, a ganina. A watan Disamba 2021 ya karɓi ragamar UNIDO, hukumar raya masana'antu da ke birnin Viyena. Shi ka ji.

Gerd ɗin ma gajarcewa ce, kamar yadda muke mai da Muhammadu Mamman. Cikakken sunan Gerhard ne. In kuwa haka ne akwai na uku, Gerhard Ludwig Müller, babban limamin Katolika wanda ya riƙe ofishin kula da aƙida a fadar Paparoma daga 2012 zuwa 2017.

Tunda kai mai bin labarin duniya ne, ga wani da ya fi waɗannan shafar mu. Hermann Müller shi ne ministan harkokin wajen Jamus a 1919, ɗaya daga cikin mutum biyun da aka tura Versailles suka sa hannu a yarjejeniyar ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, ran 28 ga Yuni. A cikin wannan takardar Jamus ta saki duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka. Kamaru da Togo aka raba su tsakanin Faransa da Ingila. Alhazan garin nan da ke zuwa Lome fiton kaya suna ciniki da Faransanci, da alƙalamin nan bai sauka a takarda ba wa ya san da wane harshe za su yi. Ba da son ransa ya sa hannun ba, ƙasar ta sha kashi babu yadda za ta yi, amma masu zafin kishin ƙasa suka liƙa masa cin amana har ya mutu. Sau biyu ya yi shugaban gwamnati, a 1920 da kuma 1928 zuwa 1930. Gwamnatinsa ta biyu ta rushe ne a kan gardamar kuɗin inshorar marasa aikin yi, kuma ita ce ta ƙarshe da ta tsaya da rinjayen majalisa. Shekara uku bayan nan Hitila ya hau.

A ƙarƙashin Hitilan kuma wani Müller ne, Heinrich, yake shugabancin ƴan sandan ciki, Gestapo. Yana cikin waɗanda suka zauna a Wannsee a watan Janairu 1942 aka tsara kisan Yahudawan Turai. Su kansu ƴan Nazi sai da suka riƙa ce masa Müller na Gestapo, don akwai wani babban hafsansu mai suna iri ɗaya sak. Ganin ƙarshe da aka yi masa a maɓoyar Hitila ne a Barlin, ran 1 ga Mayu 1945. Ba a kama shi ba, bai tsaya gaban alƙali ba.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a jami'ar nan ta Maradi. Ƙannena kullum cikin faɗin sunan nan suke, wani ya ce Mula, wani Mular, wani Mila. Mene ne amfanin ɗigo biyun da ke kan wasalin? Sannan duk masu sunan ƴan ƙwallo ne da ƴan siyasa, ko akwai masana? Akwai mata?

AMSA: Ɗiyata, ke kin riga kin iya faɗin sa ba ki sani ba. Wasalin nan mai ɗigo biyu shi ne dai “u” ɗin Faransanci da mushe ya wahalar da ke a kansa a aji ɗaya: ki tsuke leɓe kamar za ki ce u, harshe kuma ya ce i. Ƴan'uwanmu na ƙetaren Jibiya da suka yi Turancin Ingila su ne abin ke ba wuya, mu nan an riga an fasa mana baki. Ƙarshen sunan kuma Bajamushe ba ya kaɗa “r” ɗin, kusan “a” yake fita. Saboda haka mai cewa Mula ya fi kusa, in ya gyara wasalin farko. Inda babu ɗigon a keken rubutu sai su sa “ue”, Mueller. Haka zuriyar waɗanda suka yi ƙaura Amurka suke rubutawa, irin su Robert Mueller da ya shugabanci hukumar bincike ta Amurka, FBI, daga 2001 zuwa 2013. A arewacin Jamus Möller suke cewa, Ingilishi Miller, Faransawa Meunier, duk mai niƙa ne.

Mata kam akwai, sai dai ki sani a al'adarsu mace kan ajiye sunan gidansu ta ɗauki na miji, ko da yake yanzu doka ta ba da zaɓi. Angela Merkel da ta zo Yamai a 2016, Kasner ne sunan gidansu, Merkel na mijinta na fari ne. Wadda ta fi shahara da namu sunan ita ce Herta Müller, marubuciya, da ta sami kyautar Nobel ta adabi a 2009. Ba a Jamus aka haife ta ba. A wani ƙauyen Jamusawa ne cikin Romaniya, a 1953, kamar dai ki ce Bahaushiyar zango a Kumasi. Uwarta ta yi shekara biyar a sansanin aikin dole na Tarayyar Sobiyet. Ita kuma tana aikin tafinta a wata masana'anta ƴan sandan ciki na Ceaușescu, shugaban ƙasar a lokacin, suka nemi ta riƙa kawo musu rahoton abokan aikinta, ta ƙi, aka kore ta, aka bi ta da barazana har ta bar ƙasar a 1987. Yawancin abin da ta rubuta a kan zama cikin tsoro ne, inda ba ka san wanda ke kai gulmarka ba. Ban da ita, in Bajamushe yana son ya ce “kowace mace talaka”, wato wance, Lieschen Müller yake cewa. Sunan ya kai wannan yawan.

A masana, wanda aikinsa ya fi kusa da gidan sauronki shi ne Paul Müller, mutumin Suwizalan, an haife shi 1899. Ba likita ba ne, masanin haɗa sinadarai ne a kamfanin Geigy da ke Basel, kuma da rini da maganin jima ya fara, marini ne majemi kafin ya koma kan ƙwari. Shekara huɗu yana gwada sinadarai ɗaruruwa a kan ƙudaje cikin akwatin gilashi. A 1939 ya faɗa kan DDT, wanda wani ɗalibi ya riga ya haɗa tun 1874 aka ajiye ba a san amfaninsa ba. Abin da ya ba shi mamaki, ko bayan an wanke akwatin tas, sabbin ƙudajen da aka saka suna taɓa bangon sai su zube. Da shi aka tsayar da annobar zazzaɓin ƙwarƙwata a birnin Naples lokacin yaƙi, da shi aka kori zazzaɓin cizon sauro daga wurare da yawa a kudancin Turai da Asiya, aka ba shi Nobel ta likitanci a 1948. To amma wannan naci da ya sa maganin ya yi suna shi ne kuma aibinsa. Ba ya ruɓewa. Yana taruwa a ƙasa, a kitsen dabba, a nonon uwa. Ƙwan tsuntsaye ya riƙa yin ɓawo marar kauri yana fashewa a sheƙa. Da aka yi ta zuba shi a gonaki babu awo sauro ma ya saba da shi. Amurka ta hana shi a noma a 1972, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta bar ƙofa ɗaya kawai, feshin yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta. Kada ki haɗa shi da fiya-fiyar da ake sayarwa a kwalba, wannan wata guba ce daban.

In kin haɗu da ɗan kabu-kabun can ki ce masa ga uba da ɗa na gaske: Wilhelm Müller, mawaƙi, wanda shahararren makaɗi Schubert ya sa wa baitocinsa kiɗa, da ɗansa Max, da aka haifa a Dessau a 1823. Uban ya rasu yaron bai cika shekara huɗu ba. Max ya ƙare a Oxford, ya ba da rayuwarsa ga harshen Sanskrit da tsofaffin littattafan Hindu, ya jagoranci fassara littattafan addinan Gabas mujalladi 50, har da fassarar Alƙur'ani da wani Baturen Ingila ya yi. Bai taɓa taka Indiya ba har ya mutu a 1900, amma cibiyoyin koyar da Jamusanci a can sunansa suke ɗauke da shi.

Akwai ɗaya da nake riƙe da shi a zuciya, Friedrich Müller na Viyena, masanin harsuna. Shi ya raɗa wa babban gidan harsunan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Masar da na Buzaye suna a 1876, amma da ya zo kan Hausa sai ya bar ta a waje. Wani masani Bajamushe, Lepsius, ya ga dangantakar, wasu suka musa, aka yi ta ja har wajen 1950, da masanin harsuna Ba'amurke Joseph Greenberg ya zaunar da Hausa da ƴan'uwanta na yankin Cadi a cikin gidan sosai. Ke da kika yi Islamiyya ba sai an kai ki Viyena ba. Ki ce gidanka, gidanki, sannan ki ce baituka, baituki. Ki ce ya mutu, ta mutu, sannan ki tuna yamutu, tamutu.